Na kalli wasan Queen na Wembley a faifai: hoton ya tsufa, amma ban tashi ba

Wata uku faifan nan ya yi a kan durowa ban taɓa shi ba, don na'urar DVD ɗin gidanmu ta daɗe da yin ritaya a ƙarƙashin gado. Wani abokina ne ya kawo min tsaraba daga Ingila, ya ce a shagon gwanjo ya tsince shi. Sai Asabar ɗin da ta wuce na kakkaɓe ƙura, na lalubo wayoyin nan masu kai uku, ja da fari da rawaya, na haɗa da talabijin. Wasan da Queen, ƙungiyar mawaƙan rock ta Birtaniya, ta yi ne a tsohon filin Wembley na Landan ranar 12 ga Yuli, 1986, bugun faifai biyu na shekarar 2003.

Aibin ne ya fara tarar idona, don haka da shi zan fara. A kaset ɗin bidiyo irin na gidajen talabijin na wancan zamani aka ɗauki wasan, kuma abin da kaset ya kama ke nan, ba wani gyaran da zai ƙara masa kaifi. A talabijin mai faɗi, hoton yana tsayawa a tsakiya, baƙi ta hagu baƙi ta dama. Na gwada ja shi ya cika allo, sai mutanen suka koma gajeru masu kumatu, na mayar da shi yadda yake. Da rana ba laifi. Da duhu ya shiga, jajayen fitilu sai su dame da hayaƙi, fuskar mai ganga ta zama dishi-dishi. Wanda ya taɓa ganin wasansu na Montreal na 1981 zai ji haushi, don shi a fim mai milimita 35 aka ɗauke shi, har gumi kana iya ƙirgawa, alhali ya girmi wannan da shekara biyar. Mai haɗa hoton ma yana da gaggawa: kana son ganin yatsun mai jita, sai a cilla ka sama cikin jirgi mai saukar ungulu.

To amma ban tashi ba, har shayina ya huce.

Abin da ya zaunar da ni taron ne, da yadda mutum ɗaya yake juya shi. Kimanin mutum 72,000 ne a filin. Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar, ya fito daga cikin hayaƙi da 'yar riga rawaya da farin wando, riƙe da makirufo mai guntun sanda, yana tafiya kamar filin gadonsa ne. Akwai wurin da kiɗa ya tsaya cak, ba ganga ba jita. Ya tsaya shi kaɗai a bakin dandamali, ya ja murya, taro ya amsa. Ya gajarta, suka gajarta. Ya lanƙwasa ta, suka lanƙwasa. Sai ya ja wata doguwa da gangan don ya ga iya numfashinsu, suka bi shi har ƙarshe, ya yi murmushin mugunta. Duk wanda ya tashi yana jin mawaƙi da 'yan amshinsa ya san wannan wasan, sai dai ban taɓa ganin 'yan amshi dubu saba'in ba, kuma ba wanda ya koya musu. Na sha ganin wannan guntun a waya, amma a waya ba ka sanin cewa mutumin ya riga ya yi waƙoƙi a jere yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan kafin ya tsaya ya yi hakan. Amfanin faifan ke nan: wasan ne sukutum, kusan awa biyu, daga hasken yamma har dare.

Wuri na biyu da na maimaita shi ne waƙar "Love of My Life". Brian May, mai jitar ƙungiyar, na zaune a kujera da jita mara lantarki, Freddie ya fara baiti, sai ya sauke makirufo ya bar wa jama'a. Suka rera ta tiryan-tiryan, shi kuma yana kaɗa musu hannu kamar malami da ɗalibai. A nan dishi-dishin hoton bai dame ni ba ko kaɗan.

Wani abin da ya ba ni dariya game da Brian May: jitar lantarkin da yake kaɗawa shi da mahaifinsa suka sassaƙa ta a gida tun yana saurayi, har da katakon tsohon murhu a jikinta, kuma da tsabar sisi yake kaɗa ta. E, sisin nan dai da muke cewa "ba ni da ko sisi". Sai dai kiɗan da ya yi shi kaɗai a tsakiyar wasan ya yi min tsawo. A kallo na biyu tsallake shi na yi. Haka kuma a tsakiyar "Bohemian Rhapsody" duk sauka suke yi daga dandamali a saki abin da aka naɗa a situdiyo, don mutum huɗu ba za su iya rera muryoyin nan masu hawa-hawa ba. Ba su ɓoye ba, wannan na yaba musu.

Akwai inda jikina ya yi sanyi. Freddie ya tsaya yana ƙaryata jita-jitar cewa ƙungiyar za ta watse, ya ce suna tare sai mutuwa ta raba. Jama'a suka yi ta shewa. Bayan mako huɗu, ranar 9 ga Agusta, suka yi wasa a Knebworth da ke Ingila, wanda ya zama na ƙarshe da Freddie ya hau dandamali tare da su. Ya mutu ranar 24 ga Nuwamba, 1991, yana da shekara 45. A Zanzibar aka haife shi, sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Filin ma an rushe shi da hasumiyoyinsa biyu, an gina sabo a wurin. Kai mai kallo ka san duk wannan, su da ke tafi a cikin hoton ba su sani ba.

Sauti ya fi hoto nesa ba kusa ba, amma kada ka dogara da lasifikar talabijin, cinye kiɗan John Deacon, mai jitar bass mai kaurin sauti, take yi gaba ɗaya. Da na jona tsofaffin lasifikoki biyu sai gangar Roger Taylor ta fara dukan ƙirji. Faifai na biyu hirarraki ne da hotunan bayan fage, kallo ɗaya ya isa. In da yara a falo, a sani cewa bakin Freddie ba shi da linzami, yakan saki ashar cikin raha, kuma daga baya tuɓe riga yake yi. Ni sai da suka yi barci na kunna.

A ƙarshen wasan ya fito da jar alkyabba tana jan ƙasa da kambin sarauta, ya ɗaga kambin ga jama'a ana kaɗa taken Ingila. Dare biyu suka yi a filin, kuma a bugun 2011 an saka wasan daren farko, na ranar Juma'a, cikakke, wanda aka yi ana tsuga ruwan sama. Na riga na tura wa abokina saƙo ya sake leƙa shagon gwanjon.