Gargaɗi ga masu zuwa Delhi: in aka ce maka “an rufe”, je ka gani da idonka

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙon na masu shirin kai mara lafiya Indiya ne, musamman birnin Delhi, da kuma 'yan rakiya irina waɗanda za su sami kwana biyu a hannu su ce bari su ɗan ga gari. Na daɗe ina jin nauyin faɗa, domin ni ɗan kasuwa ne, na haura shekara 20 a Kantin Kwari ina ganin mutane iri-iri, amma a wata ƙasa aka yi mini sakiyar da ba ruwa da rana tsaka, ina zaune a sanyin na'ura ina shan shayi ina godiya.

Baffana na raka aikin gwiwa, ni da Hajiya matarsa. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, asibitin kuma ba su da laifi ko na sisin kwabo a abin da zan faɗa. Likita ya ce mu dawo bayan kwana 10. Baffa yana kwance a masauki a kudancin birnin, Hajiya na kansa, ni kuwa zaman ya fara isa ta. Baffa da kansa ya ce, “Kai ɗan nan, tun kana yaro kake kallon finafinan mutanen nan, je ka ga Taj Mahal ɗin mana ka zo ka ba mu labari.”

Ranar Laraba na hau jirgin cikin gari da suke kira metro, na sauka a tashar Ramakrishna Ashram Marg, na ratsa babbar kasuwar Paharganj a ƙafa, don titin nata yana ɓullewa ne daidai ƙofar babbar tashar jirgin ƙasa ta New Delhi. Na so in ga yadudduka a hanya, sana'a ba ta barin mutum. Wanda bai taɓa shiga Paharganj ba, ya ɗauki cunkoson Kwari ana jajiberin Sallah, ya ƙara masa shanu masu yawo ba makiyayi, da kekunan da mutum ke tuƙawa da ƙafa ɗauke da fasinja uku, da wayoyin lantarki sun cukurkuɗe a sama kamar saƙar gizo. Mai suyar samosa na gefe, mai goge kunne da jar hularsa na gefe, mai shayi yana ɗaga tukunya sama yana tsiyayowa. Watan Nuwamba ne, hayaƙin da ke turnuƙe Delhi a wannan lokacin ya sauko, ido na yaji, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Ga A Daidaita Sahu ko'ina, kore da ruwan ɗorawa, suna ce masa oto. Har daɗi na ji da na gan su, tunda irin su Bajaj da TVS da muke hawa a Kano daga can ake kawo su. Sai na ji kamar ina gida, na saki jiki.

Ina kaiwa harabar tasha wani mutum ya tare ni. Farar riga a goge, katin shaida rataye a wuya, biro a aljihu. Bai roƙe ni komai ba, bai tallata mini komai ba. Tambaya kawai ya yi cikin murya irin ta ma'aikaci: ina tikitina? Na ce ai shi na zo saya, na zuwa Agra, garin da Taj Mahal yake. Ya girgiza kai kamar mai jin tausayina, ya ce ba a sayar wa baƙi tikiti a nan yanzu, an rufe ofishinsu ana gyara, an mayar da shi Connaught Place, wata unguwar kasuwanci a tsakiyar birnin. Ya zaro takarda ya rubuta mini wasu haruffa, ya ce ofishin gwamnati ne. Kafin in yi magana wani saurayi da ke wucewa da jaka ya tsaya ya ce gaskiya ne, shi ma jiya ya kai wani abokinsa Bature can. Mai farar riga ya ɗaga hannu, oto ya tsaya, ya yi wa direban faɗa da yarensu kada ya cuce ni, ya ce rufi 20 (rufi shi ne kuɗin Indiya) zan ba shi, kada in ƙara ko ɗaya.

Ku tsaya a kan rufi 20 ɗin nan. Kwana 12 na yi a garin ban taɓa ganin direban oto ya yarda da kuɗin farko da baƙo ya faɗa ba, balle a ce ƙasa da abin da ɗan gari ke biya. Direban da ya ɗauke ka kusan kyauta, to akwai mai biyansa a inda zai sauke ka. Na san wannan sarai, don a kasuwarmu ma yaron da ya jawo maka mai saye yana da la'adarsa. Amma a ranar cewa na yi mutumin kirki ne ya tsaya mini.

Ba a cikin zagayen fararen gine-ginen Connaught Place aka sauke ni ba, wani lungu ne a bayansa. Ƙaramin shago mai ƙofar gilashi, an manna tambarin Incredible India irin na ma'aikatar yawon buɗe ido, taswira a bango, hoton Taj Mahal da na jiragen ruwan Kashmir. Wanda ke kan tebur ya dubi hulata ya yi mini cikakkiyar sallama, ya ce shi ma Musulmi ne, ya tambayi jikin mara lafiya, ya yi addu'a. Aka kawo shayi. Ya danna kwamfuta, ya juyo mini da ita na ga jajayen rubutu, ya ce duk jiragen Agra sun cika har mako guda, lokacin bukukuwan aure ne. Ya ɗauki wayar tebur ya buga wai tasha, ya miƙo mini na ji da kunnena wata murya ta ce babu kujera. Sannan ya yi shiru yana tunani, kamar matsalata ta dame shi, ya ce akwai mota da direba, ranar Juma'a. “Alhaji, ka yi sa'a. Akwai masallaci a cikin Taj Mahal, a nan za ka yi sallar Juma'a.”

Nan ya gama da ni. Sauran duk ciniki ne. Ya ce rufi 28,000, na yi dariya na miƙe. Ya riƙo hannuna. Muka yi ta ja kamar ana cinikin dila, ya kira wani wai manajansu, suka yi ta gardama a gabana, a ƙarshe aka tsaya a 13,000, har da kuɗin shiga da ɗan jagora. Na fito ina jin na nuna musu ɗan Kano ne. Yanzu da nake tunawa, cinikin nan shi ne ya fi yi mini ciwo. Sun bar ni in yi nasara a kan farashi ne don kada hankalina ya koma kan tambayar da ta kamata, wato shin jirgin ma ya cika da gaske?

Motar ta zo kuwa, ba a gudu da kuɗina ba, shi ya sa wannan damfarar ke da wuyar kai ƙara. Muka bi babbar hanyar Yamuna, tafiyar awa uku da wani abu. Muna shiga Agra direba ya fara waya, ya juyo da fuskar jimami ya ce yau an rufe Taj Mahal. A karon farko cikin kwana uku wani ya ce mini “an rufe” kuma gaskiya ya faɗa. Duk ranar Juma'a a rufe yake ga masu ziyara, kowa a Indiya ya san haka, mai tebur ma ya sani. Sallar Juma'ar da ya yi mini kwaɗayi da ita kuwa, mazauna Agra masu katin shaida kaɗai ake bari su shiga, hukumar garin ce ta sa dokar, Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta tabbatar da ita a 2018. Aka kai ni Mehtab Bagh, wani lambu a ƙetaren kogin Yamuna, na hango ƙubbar daga baya cikin hazo. Daga nan shagon masu sassaƙar farin dutse, daga nan shagon darduma, daga nan na fata, ko'ina a zaunar da ni a kawo shayi, direba ya ɓace ta ƙofar baya ya dawo yana gyara aljihu. Da ƙyar da faɗa na samu ya kai ni babban masallacin Juma'a na garin, na riski salla. Kuɗin shigar da na biya, rufi 1,100 ne ga baƙo a lokacin, da 200 na shiga ɗakin kabarin, ba wanda ya mayar mini. Lambar da ke kan rasit ɗin na kira sau 9.

Wanda ya warware mini ƙullin wani dattijo ne mai shayi a bakin layin masaukinmu, wanda nake zama wurinsa bayan asuba. Da guntun Turancinsa da guntuwar Indiyancin da na tsinta a fim na ba shi labari. Ya yi ta dariya har da tari, sannan ya ce kalma ɗaya: dalal. Na ce dillali? Ashe kalmar ɗaya ce, mu da su duk daga Larabci muka aro ta. A Agra kuma ana ce musu lapka. Ya lissafa mini da yatsunsa: mai farar riga, saurayi mai jaka, direban oto, mai tebur, muryar da ke cikin waya, manaja, direban mota. Mutum 7, kowa da kasonsa. Babu wanda ya yi mini doguwar ƙarya a cikinsu. Kowa guntuwa ɗaya ya faɗa ya miƙa ni gaba, na gaba kuma ya gaskata na baya, ni ina ganin shaidu ne daban-daban da ba su san juna ba. Abin ya yi yawa har gwamnatin Delhi ta yi doka ta musamman a kan masu tare baƙi a 2010, amma ga su nan a ƙofar tasha kullum.

Ɗan dattijon ne ya buɗe mini shafin sayar da tikiti na hukumar jiragen ƙasa, IRCTC, a wayarsa. Kujeru birjik. Akwai jirgi mai suna Gatimaan da ke tashi da safe daga tashar Hazrat Nizamuddin, wadda ta ma fi kusa da masaukinmu, ya isa Agra cikin minti 100 ko kusa da haka, kujerar talakawa ba ta kai rufi 1,000 ba. Jirgin ba ya ma tafiya ranar Juma'a, don ya san babu abin da za a je gani. Shiga wurin sayar da tikiti ba ya buƙatar tikiti, masu gadin ƙofa na gaske suna sanye da kaki kusa da na'urar duba kaya, kuma ba ruwansu da inda za ka. Ofishin yawon buɗe ido na gwamnatin tarayya yana lamba 88 a titin Janpath, ba ya aika yara titi su nemo masa mutane.

Abin da ya sa na daure na rubuta shi ne wani Alhaji daga Maraɗi da muka haɗu da shi a ɗakin jira na asibiti. Shi tun daga filin jirgi suka kama shi, ƙarfe biyun dare, da matarsa mai ciwon ƙoda a kujerar guragu. Wani ya karɓi jakarsu ya sa su a mota. Can a hanya sai ga wani mutum a tsaye da tocila, ya ce an rufe unguwar da masaukinsu yake saboda zanga-zanga. Direba ya ce bari ya buga wa masaukin, ya miƙo waya, murya ta ce ɗakinku ma an ba wa wani. Aka kai su wani otal da ya ci kuɗin kwana biyar a dare ɗaya. Da gari ya waye ɗakinsu na nan yana jiransu, unguwar lafiya lau. Ni kuɗin yawo na rasa. Shi kuɗin wankin ƙoda aka taɓa, kuɗin da dangi suka harhaɗa. Kuma abin da ke sa ƙaryar ta shiga kunne shi ne ana rufe tituna a Delhi da gaske, kamar kwanakin faretin 26 ga Janairu, ko lokacin taron G20 na Satumbar 2023.

Don Allah kafin ku bar gida ku sa asibitin ya turo mota, yawancin manyan asibitocin da ke karɓar baƙi suna yi, ku karɓi sunan direba da lambar mota a rubuce. In ba haka ba, a cikin filin jirgin akwai wurin biyan kuɗin tasi tun kafin a hau, ko ku kira Uber ko Ola da wayarku. Lambar masauki ku buga da hannunku, a wayarku, kada ku karɓi wayar da wani ya riga ya buga. Wanda ya ce hanya a rufe take, ku ce ya kai ku bakin shingen ku ga ɗan sanda mai kaki. In abu ya rikice, 112 ce lambar gaggawa, 1363 kuma ta taimakon baƙi, ana amsawa har da Larabci da Faransanci, ga 'yan'uwa na Nijar da Chadi. Ku kuma riƙa faɗin adadin kuɗi da baki kafin ku sake shi daga hannu, don takardar rufi 500 mai ruwan toka tana komawa shuɗiyar 50 a tafin wasu direbobi cikin ƙiftawar ido, su ce kai ne ka yi kuskure.

Ana saura kwana biyu mu taho na sake bi ta Paharganj sayo wa yara tsaraba. Mai farar rigar yana nan a wurinsa, da katinsa a wuya, ya tare wasu 'yan mata biyu masu manyan jakunkunan goyo. Na ƙarasa na ce musu ofishin a buɗe yake, su wuce ciki. Ya dube ni sama da ƙasa, bai ma gane ni ba. Ya gyara biro a aljihunsa, ya ce, “Yallaɓai, ina tikitinka?”