Zaman rukuni ko ganin ƙwararre shi kaɗai: wanne ya fi dacewa da ɗalibi mai ciwon damuwa?

Hajiya, kin ce ɗanki da ke Jami'ar Marwa a arewacin Kamaru ya daina shiga aji, barci ya ƙaurace masa, likita kuma ya ce ciwon damuwa ne matsakaici, kina tambaya ko ya shiga zaman rukuni na 'yan makonni ko ya riƙa ganin mai ba da shawara shi kaɗai. Allah ya ba shi lafiya.

Zaman rukuni yana da tsari. Wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 zama 8 ne, sau ɗaya a mako, kowanne kimanin minti 90, mutum 6 zuwa 10 ƙarƙashin jagora mai horo. Ana bin diddigin abin da ya tayar da damuwar, ko rasuwar makusanci ce, ko saɓani, ko sauyin rayuwa, ko kaɗaici. Biyun ƙarshe su ne suka fi samun yaron da ya baro Kuseri ko Yagwa ya tare a ɗakin haya babu wanda ya sani, kuma a nan rukuni ya fi ƙarfi, domin idan ya ji tsaransa yana faɗin abin da shi ya daɗe yana ɓoyewa, zai daina ɗaukar kansa rago. An gwada irin wannan zama a ƙauyukan Yuganda, sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna sauƙi sosai, ko da yake nasu na mako 16 ne.

Ganin ƙwararre shi kaɗai kuwa yana ba yaro lokacin duka, sai dai ƙwararrun ba su da yawa a arewacin Kamaru, ga tsada. Ta fuskar samun sauƙi, bincike ya nuna tazarar hanyoyin biyu kaɗan ce.

A ganina sirri ne zai raba gardama. Ana yin alkawarin riƙe amana a zaman farko, amma waɗanda ya zauna da su yau su ne zai haɗu da su gobe a aji da masallaci. Idan damuwarsa ta shafi rikicin gida ko wani abin kunya, ya fara shi kaɗai. Idan kewa ce da nauyin karatu, rukuni ya fi. Sai kuma harshe: wanda ba ya iya fitar da cikinsa da Faransanci, ya tambaya tun farko ko za a bar shi ya yi Hausa ko Fulatanci.

Amma idan ya taɓa ambaton kashe kansa, ko ya daina cin abinci, kada ki jira ranar zama, a mayar da shi wurin likita nan take. Idan an rubuta masa magani, yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma 'yan ƙasa da shekara 25 suna buƙatar sa ido sosai a makonnin farko.