'Yar'uwar ango ce ta riƙe fim ɗin: Melissa McCarthy a Bridesmaids

Duk wadda za ta kashe kuɗin data da awa biyu na darenta a kan Bridesmaids, to ta kashe saboda Melissa McCarthy. Fim ɗin ya fito a Amurka a watan Mayun 2011. Paul Feig ne ya ba da umarni, Kristen Wiig da Annie Mumolo suka rubuta labarin, kuma Wiig ɗin ce ta hau kan babban matsayi, wato Annie, babbar ƙawar amarya. McCarthy kuwa an ba ta Megan, 'yar'uwar ango, wadda ko a hoton tallan fim ɗin a gefe take. Amma ita ce aka sa sunanta a jerin masu takarar kyautar Oscar ta mataimakiyar jaruma a watan Janairun 2012, ni kuma ina cikin waɗanda ke ganin ta ci wannan matsayi da guminta.

Tun kafin in yi nisa bari in sauke nauyi: wannan ba fim ɗin falo ba ne. Da batsa aka buɗe shi, bakin 'yan wasan babu linzami, ga shaye-shaye, ga wani wuri na ƙazanta da zan zo kansa. Kada a kunna shi gaban yara, kada a kunna shi gaban iyaye ko surukai. A can ma inda aka yi shi, rukunin manya aka sa shi. Wadda ta san ba za ta jure ba, ta haƙura, babu abin da ta rasa na dole.

Labarin kansa kowace mace da ta taɓa yin ƙawancen amarya za ta gane shi. Annie tana zaune a Milwoki, shagon kek ɗinta ya karye lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, jarinta ya tafi, saurayinta ya bi jarin. Ana cikin haka aminiyarta tun ta yarinta, Lillian, wadda Maya Rudolph ta fito a matsayinta, ta sami miji ɗan Shikago ta ce Annie ce babbar ƙawa. Sai ga Helen, matar maigidan ango a wurin aiki, mai kuɗi, mai kyau, mai iya tsara biki, ta shigo tana neman ƙwace amincin. Rose Byrne ta yi ƙoƙari ƙwarai a wannan matsayi. Kishin ƙawaye kenan, da ciwon mai ƙaramin hali a cikin hidimar da ta fi ƙarfin aljihunta. Wadda aka taɓa yanka wa kuɗin anko tana murmushi alhali ta san babu su, ta san abin da Annie ke ji a shagon kayan amare lokacin da aka ɗaga rigar da ba za ta iya saye ba.

Megan ba ƙawar kowa ba ce a cikinsu. Dangin miji ce, an saka ta ne don a fita kunya. Yadda aka gabatar da ita a wajen walimar baiko, mai kallo zai ɗauka ya riga ya san aikinta: mace mai jiki da aka kawo don a yi mata dariya. Ba kwalliya a fuskarta, ga hular maza, ga riga mai maɓallai kamar ta masu zuwa filin wasa, ga sarƙar lu'ulu'u a wuya da ba ta dace da komai ba, ga wani ɗauri a tsintsiyar hannu irin na masu ciwon jijiya. McCarthy ta faɗa da bakinta cewa shigar wani mai shirin girki a talabijin, Guy Fieri, ta kwaikwaya. Daga gaisawa da Annie, ba a yi minti ɗaya ba, Megan ta hau ba ta labarin yadda ta faɗo daga jirgin ruwa ta kakkarye, da yadda wani kifin dolfin ya dube ta ido cikin ido a ƙarƙashin teku ya shaida mata, ba da baki ba, cewa shi zai cece ta.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne fuskarta. Ko gezau. Ba ta ɗaga gira don ta nuna wa mai kallo cewa wasa take, ba ta jira a yi dariya kafin ta ci gaba. Tana faɗin maganar da sauri, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da rahoton abin da ya faru a wurin aiki. Megan ba ta san tana ba da dariya ba, kuma a nan dariyar take. Da yawa daga masu barkwanci, maza da mata, a ko'ina suke, idan suka faɗi abin dariya sai ka ga idonsu yana roƙon ka yarda cewa sun burge. McCarthy ba ta roƙon komai. Haka ta yi a gidan abincin 'yan Burazil da Annie ta kai su, lokacin da ake neman shawarar yadda za a shirya wa amarya liyafa. Annie ta kawo maganar birnin Paris, ita kuwa ta ce a taru tun da wuri, a shafa mai, amarya na shigowa a rufe ta da duka a matsayin ba-zata. Ta faɗa da zuciya ɗaya, tana ganin ta kawo shawara mai kyau, kuma da aka yi shiru ba ta ji kunya ba.

Wannan rashin jin kunyar ba rashin tarbiyya kaɗai ba ne, kuma nan ne na fara ganin ta wuce abin da aka saba gani. A cikin matan nan shida, biyar suna cikin damuwa. Annie tana ganin ta zama koma-baya. Helen da duk kuɗinta ba ta da aminiya ko ɗaya, 'ya'yan mijinta ma ba sa ganin girmanta. Rita ta gaji da miji da 'ya'ya maza uku. Becca sabuwar amarya ce da ba ta san abin da ke damunta ba. Lillian tana tsoron rayuwar da za ta shiga. Megan kaɗai ce ke da wadatar zuci. Ba ta gasa da kowa, ba ta auna kanta da kowa, ba ta taɓa neman afuwa saboda jikinta ba, fim ɗin kuma bai sa wani ya zage ta a kan ƙiba don mu yi dariya ba. Tana kama da gwaggon nan da ake samu a kowane gidan biki, wadda za ta ci abincinta ta ƙoshi, ta faɗi gaskiyar da kowa ke tsoron faɗa, idan kuma rigima ta tashi ita za a fara nema.

A cikin jirgin sama zuwa Las Begas an haɗa ta kujera da wani mutum shiru-shiru mai suna Jon. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce jami'in tsaron jirgi ne da ya yi shigar burtu. Ya musanta, ta ƙi yarda, ya sake musantawa, ta ce ta gane, sirrinsa na nan a rufe. Mai kallo zai ɗauka shirme ne irin na labarin kifin. Da Annie ta birkice saboda maganin barci da giyar da Helen ta ɗura mata, sai mutumin ya miƙe ya bayyana kansa, ashe gaskiyar Megan ce. Ben Falcone ne ya fito a Jon, mijin McCarthy ne na zahiri tun 2005, kuma ana ganin sabon da ke tsakaninsu a yadda yake shanye duk abin da ta jefo masa ba tare da ya fashe ba. Wannan wuri yana da amfani fiye da dariyar da ke cikinsa, domin daga nan ne mai kallo zai fara zargin cewa matar nan ta fi kowa lura, kuma ba a banza take magana ba.

Sai wurin da nake ganin shi ya kai ta Oscar. Annie ta yi rigima a liyafar amarya, Lillian ta ce kada ta zo bikin, an kore ta daga shagon gwala-gwalan da take aiki, an fitar da ita daga gidan haya, ta koma ɗakin mahaifiyarta tana kwance a kujera tana kuka gaban talabijin. Babu wadda ta neme ta. Sai ga Megan a bakin ƙofa da kwiyakwiyai tara, waɗanda aka raba wa baƙi a matsayin tsarabar liyafa ita kuma ta kwashe, tana cewa ta ɗan wuce gona da iri. Annie ta fara ƙorafin cewa ba ta da kowa. Megan ta ce abin mamaki ne mutum ya ce ba shi da ƙawa alhali ga wata a tsaye gabansa tana ƙoƙarin zama ƙawarsa. Daga nan ta hau ta da tsokana, da mari, da danniya, har da cizo, tana cewa ita ce rayuwa, Annie ta tashi ta ƙwaci kanta. Sai da Annie ta fusata ta kai mata duka sannan ta sarara, ta ma yaba dukan.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙwarewar. Ta zauna, numfashinta bai gama daidaita ba, ta sauke murya ta ba da labarin makarantar sakandare: yadda yara suka tsane ta, har suna jefa mata abin fashewa na wasa a ka. Ta ce ba ta koma gida tana kuka ba, karatu ta riƙe, yanzu ga ta tana aikin gwamnati a matakin sirri mafi girma, ta mallaki gidaje shida, ta sayi tirela don kawai tana da halin saye. Rabin maganar abin dariya ne, rabi kuma ciwo ne na gaske, McCarthy kuma ba ta raba su ba. Ba ta canza zuwa wata mace mai taushi don a tausaya mata. Megan ɗin nan ce dai mai labarin kifi, da hularta da ɗaurin hannunta, sai dai yanzu mun san inda taurin ya samo asali. Ta ƙare da gaya wa Annie cewa ita ce matsalar kanta, ita ce kuma maganin kanta. A takarda wannan magana ce da an ji ta sau dubu. A bakin macen da ta gama cizon ki, kuma ita kaɗai ta tako ta zo duba ki, sai ta shiga jiki. Ni wannan wuri yana sa ni dariya da ƙwalla a lokaci guda, kuma yana sa ni tuna mutanen da suka tsaya mini alhali ban taɓa lissafa su cikin na kusa ba.

Ba daga sama ta faɗo ba. An haife ta a 1970, ta tashi a gona a Plainfield ta jihar Ilinoyi, ta yi shekaru a ƙungiyar wasan barkwanci ta Groundlings a Los Anjeles, inda ake horar da mutum ya ƙirƙiri hali ya riƙe shi ba tare da rubutu ba. Wiig da Mumolo da Rudolph duk sun bi ta wannan gida. Daga 2000 zuwa 2007 ta fito a shirin Gilmore Girls a matsayin Sookie, mai girki mai fara'a, wadda ba ta haɗa komai da Megan ba. Tana da shekara 40 Bridesmaids ya fito, a watan Satumban shekarar kuma ta karɓi kyautar Emmy saboda shirin Mike & Molly.

Yanzu abin da ban so ba. Wurin shagon kayan amare, inda abincin da suka ci ya ɓata musu ciki, shi ne aka fi yayatawa, ni kuwa shi ne na fi ƙi. An ja shi ya yi tsawo, kuma an ba McCarthy kaso mafi muni a ciki. Ta yi shi da dukkan ƙarfinta, ba ta ja da baya ba, amma wannan aiki ne da duk mai ƙarfin hali zai iya. Wurin kujera kuwa ba kowa ba. Abin takaici shi ne kamfanonin Holiwud kamar darasin farko suka ɗauka. Fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 32.5 ya kawo sama da miliyan 280, sai aka yi ta ba ta matsayin mace mai ihu da faɗuwa, kamar a Identity Thief na 2013 da Tammy na 2014. A Spy na 2015, wanda Feig ya sake ba da umarni, an ba ta fili mai kyau. Sai a Can You Ever Forgive Me? na 2018 ne aka bar ta ta yi wasa mai nauyi daga farko har ƙarshe, aka kuma sake sa ta takarar Oscar, wannan karon a matsayin babbar jaruma. Shi kansa Bridesmaids ya yi jan ƙafa a tsakiya, musamman soyayyar Annie da ɗan sandan hanya, duk da Chris O'Dowd, wanda ya fito a ɗan sandan, yana da daɗin kallo.

A daren 26 ga Fabrairun 2012 Octavia Spencer ce ta ɗauki kyautar Oscar ta mataimakiyar jaruma saboda The Help, ta doke McCarthy da Jessica Chastain da Bérénice Bejo da Janet McTeer. Ban ga an yi zalunci ba. Spencer ta riga ta lashe Golden Globe da BAFTA da ta ƙungiyar 'yan wasa a wannan shekara, kuma wasanta ya cancanta. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne shigar McCarthy jerin tun farko. Masu zaɓen Oscar sukan karkata ga kuka da tarihi da wahala. Sun taɓa ba Whoopi Goldberg da Marisa Tomei a farkon shekarun 1990 saboda wasan ban dariya, amma nasu barkwanci ne mai tsafta idan aka kwatanta da na Megan. Kafin su rufe ido ga wurin shagon nan su rubuta sunanta, lallai sun ga abin da ta yi a kan kujerar.

Ga wadda ta yanke shawarar kallo, akwai kwafi iri biyu: wanda aka nuna a sinima mai kimanin minti 125, da wanda aka ƙara wa wasu 'yan mintuna a faifai. Na sinima ya isa, ƙarin bai ƙara wa Megan komai ba. A kunna rubutun ƙasa, domin mafi daɗin maganganunta a gefen baki take sakinsu yayin da kyamara ke kan wata, Turancin kuma da sauri yake fita. A wuce mintunan farko, a wuce shagon amare idan zuciya ba ta ɗauka. Da an gama waƙar biki sunaye sun fara hawa, a kashe, domin ɗan guntun da aka liƙa a ƙarshe na Megan da Jon batsa ce zalla.