Strava, OpenTracks ko 'yar mitar keke? Amsa ga Malam mai son lissafin kilomitarsa

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Ka ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka jingine mashin ka koma keke, kullum daga Tudun Wada zuwa makarantar da kake koyarwa, ranar Asabar kuma ka ɗan miƙa hanya don motsa jiki. Kana son abu mai sauƙi da zai riƙe maka lissafin kilomita nawa ka ci a mako da wata, da gudun da kake yi, ba tare da ya cinye maka data ko ya tsotse batir ba. Wasu sun ce maka Strava, ka sauke, ka ga abubuwa sun yi maka yawa.

Ni ma a nan Gusau nake hawa, kuma duk hanyoyin da zan faɗa maka na taɓa su da hannuna. Kafin a shiga sunaye, ka raba aikin gida biyu a ranka. Akwai awo, wato abin da zai gaya maka tafiyar yau kilomita nawa ce. Akwai kuma ajiya, wato inda lissafin zai zauna har shekara ta zagayo ka duba. Yawancin rikicin da mutane ke shiga daga haɗa biyun ne a wuri ɗaya, sai ranar da waya ta faɗi ko manhaja ta daina aiki a wayi gari babu komai.

Strava da OpenTracks duk da GPS suke awo. Wayarka tana sauraron taurarin ɗan Adam, tana ɗiga alama a inda kake kusan kowace daƙiƙa, sannan ta haɗa tazarar da ke tsakanin ɗigon ta ba ka jimla. Wannan sauraron ba ya cin data ko kaɗan, abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan. Idan babu sabis, iyaka dai wayar ta ɗan jima kafin ta gane inda take, shi ya sa yana da kyau ka tsaya a fili minti ɗaya ko biyu kafin ka danna farawa. Inda suka rabu shi ne abin da kowacce ke yi da tafiyar bayan ka sauka.

Strava kamfanin Amurka ne, an kafa shi a 2009, kuma an gina shi ne don mutane su ga juna. Sai ka buɗe asusu. Kana gama tafiya za ta nemi intanet ta ɗora ta a rumbunsu, daga nan ne za ka ga taswira, da nisa, da lokaci, da matsakaicin gudu, da jimlar mako da ta shekara. Duk wannan kyauta ne. Abu ɗaya da nake yaba mata ƙwarai: za ka iya shigar da kekenka da sunansa, ta riƙa tara kilomitar da shi kansa keken ya ci, ko kekuna biyu gare ka kowanne da lissafinsa. Idan ka manta ba ka kunna ba, akwai wurin rubuta tafiyar da hannu. Sauran kayan, irin su cikakken jerin gasar waɗanda suka fi gudu a wani yanki na hanya, tun 2020 aka mayar da yawancinsu na masu biyan kuɗi, kuma ba su cikin abin da ka tambaya.

Amma akwai maganar da ba zan tsallake ba, don mu a Zamfara ba ƙaramar magana ba ce. Taswirar Strava tana nuna ƙofar da ka fito, da ƙarfe nawa ka fito, da hanyar da kake bi kullum, da inda kake tsayawa. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da kamfanin ya wallafa ta tafiye-tafiyen jama'a tana fallasa sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudun motsa jiki da manhajar a kunne. Idan ta iya tona sansanin soja, gidan malamin makaranta ba zai gagare ta ba. Duk wanda zai yi amfani da ita a garin nan, tun ranar farko ya shiga saitin sirri ya mayar da tafiye-tafiyensa yadda shi kaɗai zai gani, ko mabiyan da ya amince da su, ya kuma kunna ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta. Kada ka karɓi mabiyin da ba ka san fuskarsa ba. Hoton taswirar nan da ake ɗorawa a WhatsApp ko Facebook don a ga an yi ƙoƙari, ni dai ina roƙon 'yan'uwa su bari, ko su yanke taswirar su bar lambobin kawai.

OpenTracks kuwa kamar an yi ta ne don mai irin buƙatarka. Ba ta neman asusu, ba ta da talla, kuma ba ta ma da izinin taɓa intanet, don haka babu inda za ta aika da tafiyarka ko da ta so. Asalinta daga wata manhajar Google ce mai suna My Tracks da aka rufe a 2016, masu sa-kai suka ɗauki tushen suka ci gaba da gyara shi. Ka buɗe, ka danna maɓalli ɗaya, ka jefa waya aljihu. Ka sauka ka danna tsayawa, ta ba ka nisa, da lokacin da ka yi kana tafiya daban da wanda ka yi a tsaye, da matsakaicin gudu, da mafi girman gudun da ka kai. Akwai shafin da ke tara jimlar duk tafiye-tafiyen keke. Ka tuna watan Satumban 2021 da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar nan? Mai irin wannan manhajar lissafinsa bai tsaya ba ko na yini ɗaya, don ba ta jiran kowa.

Nata raunin shi ne ba ta zuwa da taswira a cikinta, sai ka ƙara wata 'yar manhaja daban idan kana son ganin zanen hanyar. Android kaɗai take yi. Kyautarta tana F-Droid, wata kasuwar manhajoji ce da ba ta Google ba, kuma saukar da ita na bukatar ka ba wayarka izinin karɓar manhaja daga waje. Idan wannan ya yi maka nisa, duba FitoTrack, 'yar'uwarta ce a tsari, ita ma ba asusu ba talla, kuma tana nuna taswira. Sannan tunda komai a cikin wayar yake zaune, in wayar ta tafi ya tafi. Maganinsa shi ne duk ƙarshen wata ka fitar da tafiye-tafiyen a fayil na GPX ka tura wa kanka ta imel ko ka kwafa a kwamfuta. GPX shi ne harshen da kusan duk manhajojin nan ke ji, ita ma Strava tana karɓarsa tana kuma bayarwa. Darajar wannan ta fito fili lokacin da aka rufe Endomondo a ƙarshen 2020, manhajar da mutane suka shekara da shekaru suna tara tarihinsu a ciki. Waɗanda suka kwashe fayilolinsu a kan lokaci su ne suka tsira da shi.

Ciwon da su biyun suka yi tarayya a kai shi ne wayar kanta. Wata Asabar na fita da sassafe ta hanyar Kwatarkwashi, na yi tafiya mai daɗi har dutsen ya fito mini sosai, na juyo. Da na dawo na duba, sai na ga miƙaƙƙen layi kamar an ja da rula daga bakin gari zuwa inda na tsaya shan ruwa, kusan rabin tafiyar babu. Abin da ya faru, tsarin tattalin batir na wayar ne ya kashe manhajar da fuskar wayar ta mutu. Wayoyin Android da yawa haka suke yi. Sai ka shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake takura wa, ka bar mata izinin sanin wuri, ka kuma kashe yanayin tattalin batir kafin ka hau. Kada kuma ka ɗaure waya a kan keke a zafin Maris da Afrilu. Rana ta sama, GPS na aiki ta ciki, wayar za ta yi zafi har ta kashe kanta, ga ƙurar hunturu in lokacinta ya zo. Aljihun gaba ko jaka ya fi.

A nan ne 'yar mitar keke ta shigo, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta. Ƙaramar aba ce kamar agogon hannu da ake ɗaurawa a kan keke. Ana maƙala ɗan maganaɗisu a sifok ɗin ƙafar gaba, a ɗaura na'urar da ke jin wucewarsa a ƙarfen da ya riƙe ƙafar. Duk zagaye ɗaya ta ƙirga, ta ninka da tsawon zagayen tayar. Ba ruwanta da sabis, ba ruwanta da NEPA, batirinta irin faffaɗan nan ne na agogo, CR2032, yana yin watanni masu yawa. Cateye ta Japan da Sigma ta Jamus su ne sanannu, akwai kuma 'yan China masu araha. Mafi daɗinta ba sai ka tuna ka kunna ba. Zuwa masallaci, zuwa kasuwa, kai yaro Islamiyya, duk tana ƙirgawa, alhali waɗannan gajerun tafiye-tafiyen su ne ba wanda ke ciro waya dominsu, kuma in an tara su ba kaɗan ba ne.

Sharaɗinta ɗaya, ka gaya mata girman tayarka daidai. Kada ka dogara da lambar da ta zo da ita. Ka ba tayar iska yadda ka saba, ka juya bawul ya dubi ƙasa, ka yi alama da alli a siminti. Ka hau, wani ya riƙe ka, ka gangara har bawul ya sake dawowa ƙasa, ka yi alama ta biyu. Ka ari tef ɗin tela ko na kafinta ka auna tsakani da milimita. Babban keke irin Phoenix mai ƙafa inci 28 zai ba ka wajen milimita 2,200, mai ƙafa inci 26 kuma wajen 2,050. Ka ga in ka sa lambar ƙaramin a babban, duk kilomita 100 da ka yi 93 za ta nuna maka. In an saita ta daidai, a tafiyar cikin gari mai yawan tsayawa da kwana takan fi waya gaskiya, don GPS ko kana tsaye wurin mai faci yakan riƙa ɗan yawo yana ƙara maka mitocin da ba ka yi ba. Abin da ba za ta ba ka ba shi ne taswira da tarihin kowace rana, kuma masu arahar sukan manta jimla in an canza batir, don haka ka rubuta lambar kafin ka cire shi.

Lambobin kalori da na hawan tudu da manhajoji ke nunawa, kada ka ɗora musu nauyi. Kintace ne.

Sai ajiya. Ni a jadawali nake yi, kuma shi nake ba ka shawara ko da wanne ka zaɓa wajen awo. Google Sheets ko Excel ko WPS, duk suna buɗewa a waya, kuma ana iya aiki da su babu data. Layi biyar sun isa: kwanan wata, inda aka je, kilomita, mintoci, sai bayani. A ƙasan layin kilomita ka rubuta =SUM(C2:C32), shi ke nan jimlar wata ta fito. Misali in zuwa da dawowarka kilomita 13 ne, kwana 22 na aiki sun ba ka 286, ban da na Asabar. Layin bayanin nan shi ne ya fi komai amfani a wurina. A nan nake rubuta ranar da na sa sabuwar taya, ranar da aka canza sarƙa ko robar birki, da inda na yi faci. Bayan wata shida za ka san wace taya ce ke jure hanyarka da wadda kuɗinta ya tafi a banza, da hujja a hannu lokacin da kake gaban mai kayan keke. Kana iya ƙara layi na shida ka riƙa sa kuɗin da za ka biya ɗan kabu-kabu da ba ka hau keken ba. In ma jadawalin waya ya dame ka, littafin rubutu na 'yan makaranta zai yi wannan aikin, kai da ka saba da rajista.

To Malam, da ni ne kai, ga yadda zan yi. Tunda yawancin hawanka na zuwa aiki ne a hanya ɗaya, zan sayi mitar in auna tayata, duk daren Juma'a in kwafe lambar cikin jadawali, aikin minti biyu. Ranar Asabar da za a fita nesa sai in kunna OpenTracks don in samu lokacin tafiya da tarihin hanyar. In kuɗin mitar bai samu ba yanzu, OpenTracks kaɗai ta isa, ka auna hanyar makaranta sau uku ka ɗauki matsakaici, daga nan ba sai ka riƙa kunnawa kullum ba. Strava kuma ka bar ta sai ranar da kuka haɗa ƙungiyar masu hawa kuna son ganin ƙoƙarin juna, kuma ko a ranar a fara da saitin sirri.

Ka gaya mini irin wayarka da girman ƙafar kekenka, sai in nuna maka inda saitin batirin yake. In kuma ka samo mitar, ka biyo da ita bayan La'asar, ina da tef da alli a gida.