Akwatin tatsuniyar Japan da na saya a Garwa, bayan wata biyar

Jaka 15 na ba da, bayan ciniki har sai da mai shagon ya ce, "Hajiya, kin fi ni baki." Shagon kayan makaranta ne kusa da babbar kasuwar Garwa, inda nake saya wa jikokina littattafan rubutu. A bayan tarin jakunkuna na hango ɗan akwatin katako mai ƙofa uku, ƙura ta rufe shi. Ya ce a cikin kaya ya zo masa daga Duwala, ya kusa shekara ba wanda ya taya.

Sunan abin kamishibai, wato wasan kwaikwayo na takarda. Ana zura kwalaye masu hoto ta gefe, yara suna kallo ta gaba, mai ba da labari yana karantawa ta baya, yana zare kwali ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1930 da kuma bayan yaƙin duniya na biyu, maza ne ke ɗaure shi a bayan keke suna bin unguwannin Tokyo. Su buga 'yan sanduna biyu yara su taru, su sayar da alawa, wanda ya saya ya tsaya a gaba. In labari ya kai inda ya fi daɗi sai su rufe, sai gobe. Talabijin da ya zo a 1953 ne ya ci kasuwarsu. Ni ma na ari wayon nan na "sai gobe", kuma yana aiki.

Akwatin kansa ba laifi, katakon yana da nauyi. Sai dai ƙofar hagu ta fara lilo tun satin farko, kafintan unguwarmu ta Yelwa ya sa mata ƙusa biyu. Kwalayen kuwa ba su da kauri, zafin Afrilu ya lanƙwasa su, yanzu ƙarƙashin katifa suke kwana. Rubutun baya da Faransanci ne, kuma akwai tarko: maganar hoton da yara ke gani tana bayan kwalin ƙarshe, ba bayan shi wanda ke gaba ba. Mai shagon bai sani ba. Daren farko na karanta wa yara mutuwa alhali a hoto ana ta biki. Daga ranar na haddace labaran, ina zuba su da Hausa.

Tatsuniya huɗu ce a ciki. Ta masuncin da ya ceci kififfiya, ya je fadar ƙarƙashin teku, ya dawo ya buɗe akwatin da aka hana shi ya zama tsoho tukuf, ta shiga ba wahala, don yaran da suka girma a bakin Binuwai ba a yi musu bayanin ruwa. Haka ta gaurakar da ke saƙa da gashin jikinta.

Wadda ta fi zama a gidan nan ita ce ta Tanabata, wato bikin taurarinsu. Orihime masaƙiya ce, Hikoboshi makiyayin shanu. Aka yi musu aure, daɗi ya ɗebe su, ita ta bar saƙa, shi shanunsa suka watse. Uban yarinyar ya raba su, ya sa kogin taurari a tsakani, ba sa haɗuwa sai ran 7 ga wata na 7. In an yi ruwa a daren, kogi ya cika, sai baɗi. A ranar bikin mutanen Japan suna rubuta burinsu a 'yan takardu masu launi su rataye a reshen gora, wasu garuruwa kamar Sendai kuma sai Agusta suke nasu. Abin da ya ba ni mamaki, 7 ga Yuli su ma cikin daminarsu yake faɗawa. Mu nan daren hadari ya haɗu baƙi ƙirin, an ɗauke wuta, ina haska akwatin da tocila. Ƙaramar jikata ta leƙa tsakar gida ta dawo ido ya cika da ƙwalla: "Kaka, bana ma ba za su gamu ba?" Yayanta ya ce makiyayin da ya bar shanu suka shiga gonar mutane, a nan da tuni an kai shi gaban Lamiɗo.

Ta huɗun na ajiye ta. Wani tsoho ne mai saƙa malafa, ya kasa sayarwa ran jajiberin sabuwar shekara, a hanya ya ga gumaka shida na dutse ƙanƙara ta lulluɓe su, ya sa musu malafunsa, da dare suka kawo masa shinkafa. Na gane alheri ake koyarwa, kuma sabuwar shekara ita ce babbar sallarsu, gidan da ba abinci ranar abin tausayi ne. Amma gunki mai tafiya yana raba arziki, ba da bakina ba. Na so in mayar da su matafiya, hoton ya ƙi ba ni haɗin kai. Duk mai niyyar saye ya buɗe kwalayen a shago ya duba tukuna.

Da na ce "Mukashi mukashi", mabuɗin labarinsu, yaran dariya suka yi. Sai da na ce "Ga ta nan, ga ta nanku" suka amsa "Ta zo mu ji ta", har da babban da ba ya rabuwa da waya. Yanzu shi ne ke yanka kwalin sabulu daidai faɗin akwatin yana zana Gizo da Ƙoƙi. Gizonsa ya fi kama da kaguwa, amma ba na faɗa masa. Na koma shagon neman ƙarin kwalaye, mai shagon ya ce babu, bai kuma san ranar zuwansu ba.