Shagon hatsin da nake awo a Gusau

Shekara shida ke nan ina yin awon gidana a wani shagon hatsi da ke kasuwar Tudun Wada a Gusau. Mai shagon dattijo ne da kowa ke kira Alhaji, kuma yana sayar da gero, dawa, masara, wake da shinkafar gida wadda yake sarowa daga wajen Talata Mafara, inda ake noman rani da ruwan madatsar Bakolori. Shagon ƙarami ne, ba shi da allon suna, kuma da mutum uku sun tsaya a ƙofarsa sai na huɗu ya jira a rana.

Abin da ya riƙe ni a wurin shi ne mudu. Duk mai shiga kasuwa ya san yadda ake buga gindin kwano ya loma ciki, ko a dasa babban yatsa a bakin tiya lokacin awo, ko a zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasan buhu a rufe shi da sabo. Na sha ɗaukar abin da Alhaji ya auna mini in sake auna shi da kwanon gida, kuma ban taɓa samun tawaya ba. Idan hatsin na bara ne yakan faɗa tun kafin a tambaye shi, ya kuma rage kuɗinsa. Wata rana na ji yana yi wa yaron shagonsa faɗa saboda ya share tozon tiya da hannu, yana ce masa: "Kai yaro, ba ka karanta Wailul lil muɗaffifina ba ne a makarantar allo?" Yaron ya sunkuyar da kai ya sake awon.

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga, hatsi ya yi wuyar shigowa gari, kuma wasu 'yan kasuwa sun kulle abin da ke hannunsu suna jiran farashi ya hau. Alhaji bai ɓoye ko buhu ɗaya ba. Haka kuma a farkon 2023, da takardun naira suka ɓace daga hannun mutane bayan canjin kuɗi, ya buɗe littafin bashi ya riƙa auna mana, kuma da muka zo biya bai ƙara ko sisi a kan farashin ranar da muka ɗauka ba, alhali kaya sun riga sun tashi. Na san matan da rikici ya koro daga ƙauyukan Maru da Tsafe waɗanda yake auna musu ba tare da ya rubuta komai ba.

Ni ina danganta wannan gaskiya ta Alhaji da addininsa, amma wani abokin aikina, wanda muke koyarwa tare, yana ganin ina ɗora wa addini abin da ba nasa ba. Hujjarsa ita ce akwai ƙasashen Turai da mutanensu da yawa ba sa zuwa wurin ibada, amma ma'auninsu daidai yake saboda hukuma tana bincike tana hukuntawa, sannan ga mu nan a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, muna da Hisba da hukumar zakka, amma algus bai bar kasuwanninmu ba. Ba na raina wannan magana, domin mai buga gindin kwano a sahu ɗaya yake sallah da Alhaji, kuma masu ƙona ƙauyuka sunayen Musulmi suke amsawa. Sai dai abin da nake ce masa shi ne, a tsawon shekarun da nake zuwa wannan shago ban taɓa ganin jami'in da ya zo duba kwanon awonsa ba, don haka da ya so ya tauye babu mai kama shi. Abin da ke tsare hannunsa shi ne yaƙinin da yake da shi cewa mutanen Annabi Shu'aibu a Madyana an halaka su, kuma tauye mudu na cikin laifinsu, da kuma hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mutumin da jami'i kaɗai yake tsoro yakan koma halinsa da zarar jami'in ya juya baya, kuma a ƙauyukanmu da yawa yau babu ma jami'in da za a ji tsoro. Ni dai a nan nake ganin buƙatarmu ga addini, wato irin wanda ke bin mutum daga masallaci har bakin buhu.

Shagon yana da nasa aibi, kuma ba zan rufe shi ba. Farashinsa yakan ɗan ɗara na maƙwabtansa, ko da yake idan aka lissafa cikar mudu bambancin yana gushewa. Geronsa wani lokaci yana zuwa da tsakuwa, har sai uwargida ta rege shi sau biyu, kuma na faɗa masa ya kamata a riƙa sheƙe shi kafin a baza. Abin da ya fi damuna shi ne rufewar azahar, domin daga kiran sallah yakan yi kusan sa'a guda bai dawo ba, kuma ba ya barin yaron ya yi awo a bayansa, wanda hakan yana wahalar da ma'aikacin da ya fito a ɗan hutun rana. Ba ya kuma karɓar kuɗi ta waya, sai dai mutum ya ciro a wurin masu POS ya biya caji.

Duk da haka, wanda zai yi awon wata ina ba shi shawara ya je da safe kafin ƙarfe 11, ya riƙe kuɗinsa a hannu da buhunsa, ya kuma nemi a buɗe masa sabon buhun gero ya duba kafin a fara aunawa.