Dillalin bayan Isha'i: yadda na kama hayar gida a Jidda

Tun da rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashe mu daga unguwar Sabil, ni da iyalina muka zauna a wata ƙaramar shikka, wato sashen haya a cikin bene, mai ɗaki biyu, wadda na kama cikin gaggawa ba don ta kwanta mini a rai ba. Da yara suka tasa wuri ya yi mana kaɗan, sai na shiga neman mai ɗaki uku tsakanin unguwannin Safa da Bawadi. Wani abokina da muke salla a masallaci ɗaya ne ya haɗa ni da dillalin da zan yi sharhi a kan aikinsa. Matashi ne ɗan ƙasar Saudiyya, jikan Hausawan da suka zo Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suka zauna, kuma Hausarsa, duk da Larabcin da ya cakuɗe da ita, tana fita sarai.

Ranar da muka fara haɗuwa, kafin in gama bayanin abin da nake nema, ya ce mini: "Kawu, gara ka sani tun yanzu, ni ma'aikaci ne a wani kamfanin jigilar kaya. Daga Lahadi zuwa Alhamis ba ni da kaina sai dare, dillancin nan bayan Isha'i nake yin sa, sai kuma ranar Asabar." Jikina ya yi sanyi, domin na san taura biyu ba ta taunuwa, kuma na riga na sha wuya a hannun masu dillancin bakin titi, waɗanda kowane direba da kowane mai gadin bene yakan rikiɗe ya zama ɗayansu da zarar ya ji ana neman gida. Abin da ya tsayar da ni shi ne lasisinsa na Fal, wato izinin dillancin gidaje na hukuma, da ya buɗe mini a waya, ya ce in duba lambar da kaina a shafin Hukumar Kula da Gidaje da Filaye. Na duba, na same ta da sunansa, wa'adinta bai ƙare ba.

Wanda bai san halin da ake ciki a nan ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Tun daga watan Janairu na 2023 da dokar dillancin gidaje ta fara aiki, ba a yarda kowa ya shiga tsakanin mai gida da ɗan haya don neman la'ada ba sai da wannan lasisi, kuma dokar ta yanka la'adar a kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin hayar shekarar farko, sai fa idan an rubuta wata yarjejeniya dabam. Hayar da na kama riyal 24,000 ce a shekara, ana biya sau biyu, don haka la'adarsa ta kama riyal 600, kuma abin da ya karɓa ke nan, ba ƙarin na shayi ko na mai. A shikkar da na baro, wanda ya nuna mini ƙofa kawai riyal 1,500 ya karɓa a hannu, ko takarda bai ba ni ba.

Inda na fi ganin ƙwarewarsa shi ne wajen abin da yake faɗa ba tare da an tambaye shi ba. Akwai wata shikka a hawa na ƙasa da ta burge uwargidana ƙwarai, sabon fenti, kicin mai faɗi, kuɗinta kuma da sauƙi. Muna fitowa ya ja ni gefe, ya haska fitilar wayarsa a gindin bangon waje, ya nuna mini wani layi mai duhu da ya kai kusan gwiwa, wanda fenti bai gama rufewa ba. Ya ce nan ruwa ya tsaya a ruwan saman Nuwamba na 2022, titin gidan a kwari yake, kuma duk wanda ya san Jidda ya san abin da hakan yake nufi. Da ya yi shiru, a daren nan zan biya kafin alƙalami, shi kuma ya samu la'adarsa cikin mako na farko. Haka kuma a kowane bene sai ya tambayi mai gadi sau nawa ake kiran tankar ruwa a wata, ko mitar wuta ta kowace shikka dabam take, ko na'urorin sanyaya ɗaki na mai gida ne ko ɗan haya zai zo da nasa. Tambayoyi ne da ni kaina ban koye su ba sai bayan na yi asara.

Amma ba zan ɓoye cewa raba ƙafar da ya yi ta jawo mini wahala ba. Sau biyu ina ganin talla da safe a manhajar Aqar, in tura masa, ba zai buɗe saƙon ba sai bayan Magariba, kafin nan wani ya riga mu. Gida mai kyau a farashi mai sauƙi ba ya kwana biyu a kasuwa, dillalin da yake ofis tun safe kuwa shi yake cin wannan riba. Neman da na yi tsammanin zai ɗauki mako biyu sai da ya ci mako bakwai. Sannan duba gida da dare yana da nasa makanta. Shikkar da nake ciki yanzu sau biyu muka gan ta, duka bayan Isha'i, unguwa tsit, sai da muka tare na gane cewa tagar ɗakin yara tana kallon yamma, rana tana dukanta daga azahar har faɗuwarta, kuma a bayan benen akwai masu walda da suke fara aiki tun ƙarfe bakwai na safe. Da na yi masa magana bai kawo uzuri ba, ya ce kuskurensa ne da bai kai ni ranar Asabar da rana ba. Na ji daɗin amsar, amma ba ta rage kuɗin wutar da nake biya lokacin zafi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne daf da ƙulla yarjejeniya. Mun daidaita da mai gida ranar Talata, sai kamfaninsu ya tura shi garin Yanbu na kwana huɗu ba shiri. Mai gida ya fara kira yana cewa akwai wanda ya zo da kuɗi a hannu, in ina so in tura rabin shekara asusun ɗansa a wuce wurin. Na kira dillalin cikin fushi, ya ce: "Kawu, don Allah ko riyal ɗaya kada ka tura, sunan da ke kan takardar mallaka ba na ɗan ba ne." A daren, daga masaukinsa, ya shigar da yarjejeniyar a Ijar, tsarin gwamnati na rajistar haya ta intanet, saƙo ya shigo wayata da ta mai gida, kowa ya karanta ya amince, na biya ta hanyar da tsarin ya bayar. Yarjejeniyar Ijar takarda ce da kotun zartarwa take aiki da ita kai tsaye, kuma ga baƙo irina mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, ita ce shaidar da za a nema gobe idan rigima ta tashi. Ya kuma sa an rubuta tsagewar da ke jikin tayil ɗin banɗaki a takardar karɓar gida, don kada a cire ta daga kuɗin ajiyata ranar da zan fita.

Wanda yake da lokaci, kuma abin da ya fi tsoro shi ne a cuce shi, zan tura shi wajen wannan matashi ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya dage a kai shi ya ga gidan da rana. Wanda kuwa mai gida ya ba wa'adin kwana goma ya tashi, ya nemi ofishin da ke buɗe tun safe, ya duba lasisinsu kafin ya zauna. Maƙwabcina na Sabil, wanda yanzu yake neman shikka a Nuzha, ya karɓi lambarsa a wurina makon jiya, sun sa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe.